Wata huɗu ina shiga intanet ta cikin albasa: ra'ayina kan Tor Browser

Wata takardar bincike ce ta tura ni wurin Tor Browser, burauzar da ke ɓoye inda mai amfani da ita ya fito. A shekarar 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ya tattara bayanan burauza sama da 470,000, ya gano cewa kashi 83.6 cikin ɗari kowace tana da kamannin da babu mai irinsu. Girman allonka, nau'ikan rubutun da ke kwamfutarka, agogon yankinka, harshen da ka zaɓa, idan aka haɗa su sai su zama tamkar zanen yatsa. Ko ka share kukis, 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka don su gane ka, sau goma a rana, zanen yana nan. Shafin gwajin da ya tattara bayanan da shi yana aiki har yanzu da sunan Cover Your Tracks. Na gwada tawa burauzar, ya ce babu mai kama da ita a cikin duk waɗanda suka ziyarce shi kwanan nan. Ban ji daɗin wannan yabon ba. A daren na sauke Tor, yau wata huɗu ke nan.

Saukewar ba ta da wahala, kyauta ce, ba a tambayarka suna ko imel. Idan ka taɓa amfani da Firefox ba za ka yi baƙunta ba, domin a kanta aka gina shi. Akwai na kwamfuta, akwai na Android.

Yadda yake aiki ne ya fi ɗaukar hankalina. Buƙatarka ba ta tafiya kai tsaye zuwa shafin da kake nema, sai ta yada zango uku a kwamfutocin 'yan sa-kai da ke warwatse a duniya. Kafin ta bar hannunka an naɗe ta da rufi uku na ɓoye rubutu, kowane zango ya ɓare nasa ɓawon ya miƙa gaba, shi ya sa ake kwatanta abin da albasa. Zangon farko ya san ka amma bai san inda za ka ba. Na ƙarshe ya san inda saƙon za shi amma bai san mai shi ba. Na tsakiya kuwa maƙwabtansa biyu kaɗai ya sani. Kusa da wurin rubuta adireshi akwai ɗan maɓalli da ke nuna maka ƙasashen da ka bi, kuma na ɓata kwanakin farko ina latsa shi kamar yaro da sabon abin wasa, yanzu Jamus, an jima Faransa ko Holan. Na lura zangon farko ba ya sauyawa, har na zaci matsala ce. Ashe da gangan ne. Masu bincike sun nuna cewa idan kullum kana canza ƙofar shiga, wata rana dole ka faɗa ta mugu, don haka ake riƙe maka mai gadi ɗaya na tsawon watanni.

Asalin dabarar daga ɗakin binciken rundunar sojojin ruwan Amurka ta fito a tsakiyar shekarun 1990, aikin Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag. Daga baya Roger Dingledine da Nick Mathewson suka haɗu da Syverson, hanyar ta fara aiki a 2002, suka gabatar da tsarinta a taron tsaro na USENIX a 2004, aka kafa ƙungiyar Tor Project a 2006. Duk wanda na ba wannan tarihin sai ya ɗaga gira, wai yaya za a yarda da abin da soja ya haifa. Nakan ce masa a nan ma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Amsar gaskiya ita ce ɓuya ba ta yiwuwa ga mutum shi kaɗai. Da jami'an gwamnati ne kawai ke bin hanyar, duk wanda aka gani a kanta an san ko wane ne. Dole a cika ta da ɗalibai da 'yan jarida da masu yawon karatu irina. Kuma rubutun manhajar a buɗe yake, shekara sama da ashirin masana jami'o'i suna tona shi suna neman ɓaraka, suna wallafa abin da suka samu.

Sun kuwa samu. A 2007 wani mai bincike ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa nasa zangunan fita, ya tsinci kalmomin sirri na akwatunan imel ɗari na ofisoshin jakadanci da gwamnatoci, saboda masu su suna aika su tsirara daga zangon ƙarshe zuwa gaba. A 2014 wasu zanguna sun shafe watanni suna yi wa saƙonni alama don gano masu amfani da shafukan ɓoye, waɗanda sai ta Tor ake shigarsu, kuma bayanan kotu sun danganta aikin da wata cibiya ta Jami'ar Carnegie Mellon. An toshe wannan kafar, kuma tun 2022 burauzar kwamfuta ba ta buɗe shafin da ba shi da HTTPS, wato ɓoye rubutu tsakaninka da shafin, sai ta gargaɗe ka. Wannan tarihin faɗuwa da tashi shi ne ya sa na fi sakin jiki da Tor a kan manhajojin da ke talla da alkawarin ɓoye ka ɗari bisa ɗari. Masu Tor da kansu suke rubuta cewa wanda ke iya kallon mashiga da mafita lokaci guda zai iya daidaita lokutan saƙonni ya gane ka, kuma ba su da maganin hakan.

To, sai nawa, wato rashin sauri. Zango uku ba zai taɓa kai hanya miƙaƙƙiya sauri ba. Karatun rubutu lafiya lau, sauke takardun bincike ma ba laifi, amma bidiyo sai mai haƙuri. Abin da ya fi cin rai daga shafuka yake zuwa: da yawa suna ganin adireshin zangon fita sai su ɗauke ka ɓarawo, su sa ka zaɓen hotunan fitilun hanya har sau huɗu, wasu su rufe ƙofa gaba ɗaya. Akwai wata ma'ajiyar mujallun ilimi da na haƙura da ita ta nan.

Wani farin gefe da ke zagaye shafi shi ma ya dame ni da farko. Da na gane amfaninsa sai na daina ƙorafi: yana daidaita girman tagar ne zuwa ma'auni ɗaya da na dubban mutane, don kada allonka ya tona ka. Dalili ɗaya ne ya sa ake hana ka ƙara masa wasu 'yan manhajoji na ƙawa, kowace ƙari alama ce a goshinka. Matakan tsaro uku ne. Na tsakiya nake zama, domin na ƙoli yana kashe JavaScript, rubutun manhajar da ke motsa shafuka, rabin shafukan zamani kuma sai su zama kango.

Kuskuren da na tafka nawa ne. A mako na biyu na shiga akwatin imel ɗina na kullum ta cikin Tor, ina jin kaina a ɓoye, alhali na rubuta sunana da hannuna a bakin ƙofa. Tor yana ɓoye inda ka fito, ba ya hana ka faɗin sunanka. Kamfanin da ke ba ka intanet ma yana ganin kana amfani da shi, ko da bai san me kake karantawa ba. A Disamban 2013 haka aka kama wani ɗalibin Harvard da ya aika barazanar bam ta ƙarya don kauce wa jarrabawa: an duba waɗanda suka shiga Tor ta intanet ɗin jami'ar a lokacin, jerin bai da tsawo. Ga wanda ke inda aka toshe Tor ko ake sa ido a kansa, akwai gadoji irin su obfs4 da Snowflake da ke sauya wa zirga-zirgar kama. Na gwada Snowflake don ganin ido, ya haɗa, sai dai ya ƙara nawa.

Yanzu burauza biyu nake da su. Banki da imel da duk inda zan shiga da sunana suna kan ta kullum. Neman bayani kan rashin lafiya, ko karatun da ba na so a haɗa shi da ni a rumbun masu talla, wannan na Tor ne. Na sake komawa Cover Your Tracks ta cikinsa a makon jiya, sakamakon ya nuna akwai wasu masu kamannina sak a cikin maziyartan.