Différine 0,1: abin da yake yi wa tabon kurajen fuska, da abin da ya fi ƙarfinsa

Différine sunan kasuwa ne. Maganin da ke cikinsa shi ne adapalene, kashi 0,1 cikin ɗari, kuma kamfanin Galderma ne ke yin sa. A farmasi an fi samun sa a ɗan bututu mai giram 30, akwai jel, akwai kirim. Wasu kamfanonin ma suna yin adapalene da nasu sunan, aikin ɗaya ne matuƙar kashin ya yi daidai. Hukuncinmu a kansa shi ne: ga baƙin tabo magani ne na gaske amma mai tafiyar hawainiya, ga ramuka taimakonsa kaɗan ne, ga tabo mai tudu kuwa asarar kuɗi ce.

Kafin a saya, a tsaya gaban madubi da rana a shafa wurin da yatsa. In fatar sumul take, launi kawai ya yi duhu, wannan baƙin tabo ne. Ƙurjin ya ƙona wurin, fata ta zuba baƙin launi fiye da kima, kuma mu masu baƙar fata mun fi kowa fama da shi. In yatsa ya faɗa cikin ɗan rami, tsokar fatar ce ta lalace a ƙasa, saboda kumburin ƙurjin, kuma matsa shi da farce yana ƙara ɓarnar. In kuma wurin ya taso ya yi tauri, yana ƙaiƙayi, musamman a haɓa, ƙirji ko kafaɗa, wannan shi ne tabo mai tudu, wanda babbansa ake kira keloyid. Wasu masu cewa maganin bai yi musu komai ba, nasu tabon na biyu ne ko na uku.

Adapalene yana sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, ƙofofin da maiƙo ya toshe su buɗe, kumburi ya ragu. Babban amfaninsa shi ne yana hana sabon ƙurji fitowa. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin tabo ba zai ƙare ba muddin kowane mako ana samun sabo a gefen tsoho.

Da dare kaɗai ake shafawa. A wanke fuska da sabulu mai laushi, ba mai ƙamshi ko mai yashi ba, a goge, a bari ta bushe sarai kamar minti 15 zuwa 20, don fata mai danshi ta fi jin zafinsa. A matso kamar ƙwayar wake ɗaya, a ɗiɗɗiga a goshi, kumatu da haɓa, a baza shi siriri a duk inda kuraje ke fitowa, ba a kan tabon kaɗai ba. A kauce wa gefen ido, leɓe da lungun hanci. Makonni biyu na farko a riƙa tsallake dare ɗaya ko biyu, sai fata ta saba a koma kullum. Da wannan awo, bututu ɗaya yakan kai wata biyu zuwa uku. Wanda ya ƙarar da nasa a mako uku ya zarce awo, kuma fuskarsa za ta nuna.

Daga mako na biyu zuwa na huɗu ne mutane ke jefar da shi. Fata tana bushewa, tana saɓa, tana zafi, wani lokaci kurajen ma su ƙaru. Mafi yawa wannan yana wucewa. Amma in fuska ta yi jawur tana raɗaɗi, a dakata kwana uku ko huɗu, domin ƙunar da maganin ya yi wa baƙar fata ita ma tana barin baƙin tabo, sai a koma gidan jiya. Ana fara ganin sauƙin kuraje tsakanin mako 8 da 12. Baƙin tabo yana ɗaukar wata shida zuwa shekara, wanda ya nutse sosai har ya yi kamar toka-toka yakan wuce haka.

Yanayin Maraɗi yana da nasa sharaɗi. Wanda ya fara a cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya zaɓi kirim maimakon jel, kuma ya ɗora man shafawa mara maiƙo bayan ƴan mintoci, in ba haka ba kumatu su tsage. Man kaɗanya yana da kyau ga jiki, amma a fuska mai kuraje yana toshe wa wasu ƙofofi. Da bazara kuma matsalar ajiya ce: ana son maganin ya zauna ƙasa da digiri 25, alhali a Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Kada a bar shi a aljihun babur, cikin mota ko a bakin taga, a nemi wuri mafi sanyi a ɗaka. Rana ita ce ke ƙara wa tabo duhu, kuma adapalene yana sa fata ta fi jin ta. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka kowace safiya wajibi ne, musamman ga ɗan kabu-kabu da mai wuni a kasuwa. Wanda ba zai iya sayen duka biyun ba, ya haɗa da malafa da neman inuwa, ya kuma san tafiyar za ta yi tsawo.

Ƴan uwa mata, abu biyu. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ba ta shafa adapalene, ta tambayi likita game da azelaic acid, wanda ake sayarwa da sunan Skinoren, shi ma yana rage baƙin tabo. Na biyu, gyaran amarya. Halawa a fuskar da ake shafa wa wannan magani tana iya ɗaye fata, dilka ma haka. A dakatar da shi aƙalla mako guda kafin gyara, kuma a faɗa wa mai gyaran. Lemun tsami da man goge baki da ake ɗora wa ƙurji a gida kuwa ƙuna kawai suke ƙarawa.

Za a ce mayukan tebur sun fi sauri, cikin mako biyu tabo ya dusashe. Gaskiya ne ana ganin haske, amma da yawansu suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, wasu da hydroquinone, wasu har da makuri, wato zaiba. Clobetasol yana sirantar da fata, yana kawo nankarwa da wasu sababbin kuraje masu kama da juna, kuma ranar da aka daina fuska ta yi bore. Hydroquinone in an daɗe a kansa yana barin wani baƙi a kumatu wanda ya fi na farko wuyar fita. Wannan sauri bai kai kuɗin da za a biya daga baya ba.

A saya a farmasi, zai fi kyau da takardar likita. A duba ranar lalacewa a kwali da gindin bututu, a tabbata sun yi daidai. In kayan Najeriya ne da suka shigo ta iyakar Ɗan Isa, a nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jiki.

Mai ramuka ya yi amfani da adapalene don tsayar da kuraje, amma cike ramin aikin likitan fata ne, da ƙananan allurai ko sinadarin da ke ɗaye saman fata, kuma sai an yi zama da yawa. Keloyid allurar triamcinolone ake yi masa a cikin tabon, kusan duk mako huɗu zuwa shida. Kada a bari wanzami ya yanke shi, don yakan dawo ya fi da girma.