Fitilar zobe ko sandar ɗora waya?

Wata 'yar'uwa daga Birnin Kebbi ta tambaya jiya: kuɗinta na abu ɗaya ne, fitilar zobe (fitilar nan mai siffar da'ira da ake kira ring light) za ta saya ko sandar ɗora waya mai ƙafa uku, don hoton girkin da take sawa a sitatus?

Hajiya, sayi sandar. Duka biyun ina da su, kuma fitilar tana saman wadirof ta kusa shekara, ƙura ce kawai take sha.

Fitilar zobe don fuska aka yi ta, masu kwalliya da masu bidiyo ne suke morarta. Haskenta daga gaba yake zuwa, ya kashe inuwa gaba ɗaya. A fuska hakan kyau ne, a tuwo kuwa ɓarna ce. Malmalar tuwon shinkafa sai ta fito kamar an shafe ta da farin fenti, ga zoben fitilar nan zaune ɗaram a kan man miya. Amfaninta ɗaya da zan yarda da shi: in da dare kike girki, ta fi ƙwan ɗaki.

Sandar kuwa, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro ta. Watan azumin da ya wuce maigida ya dawo daga Yawuri da kifi, na soya, na yi miyar kuka da tuwon shinkafarmu ta Argungu. Ba wani ado, akushin da na gada wurin kakata ne baƙi wuluk, malmala biyu a ciki, miya a ƙaramin kwano, kifi guda a gefe. Na shimfiɗa farin zane a ƙasa kusa da tagar falo wajen la'asar, na kafa sandar, na ɗora waya, na sa taima na daƙiƙa 3 don kada hannuna ya girgiza ta. Hoton da ya fito, har tururin tuwon ana gani. Ƙanwata da ke Gusau ta kira ni tana rantsuwa wai a intanet na ɗauko. Wayar nan dai Tecno ce, wadda nake riƙe da ita tun tuni.

Sirrin a tagar yake. Haske in ya shigo ta gefe, shi ke fito da ƙwayar shinkafa da ƙyallin miya da gasuwar masa. Sandar tana riƙe miki waya cak, hannayenki biyu su samu damar gyara kwano, ko ki riƙe farin kwali ta ɗaya ɓangaren ya mayar da haske kan inuwar. Kwalin nan na 'yan makaranta ya wadatar. Ki kashe ƙwan ɗaki da filasha kafin ki ɗauka, don haɗa hasken ƙwai da na rana shi ke sa farin tuwo ya koma ruwan ɗorawa. Rana tsaka kada ki fita tsakar gida, musamman a Maris da Afrilu, ranar Kabi ba ta da sauƙi ko a hoto. In ta faɗo kai tsaye ta taga, rataya farin mayafi ya tace ta. Lokacin hunturu ma hazo yakan yi miki wannan aikin kyauta.

Masa da ƙosai da dambu daga sama ake ɗaukarsu, don haka nemi sanda mai wuyan da ke lanƙwasawa ya kalli ƙasa. Tuwo da fura a ƙwarya sun fi kyau ta ɗan gefe, kamar yadda mai ci zai gan su yana zaune. Ki rage tarkace: ledar tebur mai furanni, kula, robar ruwa, duk ki kawar. Faifai ɗaya da ludayi sun isa. Kuma don Allah ki riƙa goge gilashin kyamara, wayar da ke shiga kicin maiƙo ba ya rabuwa da ita.

Abin da ba ki tambaya ba amma zan faɗa: kada ki tura wa kowa kuɗi a WhatsApp ko Instagram kafin ki ga kaya. Fitilata haka aka yi min, an nuna min mai inci 18, aka aiko mai inci 10, daga nan lambar ta daina shiga. Shiga kasuwa da ƙafarki, ki ɗora wayarki a kan sandar a gaban mai shago, ki lanƙwasa wuyan ki ga ko zai riƙe. Mai maƙalar roba sirara ki ajiye masa abarsa, ita ke fara karyewa, wayar ta faɗa cikin miya. Hotunanki ma ki riƙa rubuta sunan sana'arki a jikinsu, akwai masu kwashe na mutane su yi tallar abincin da ba su taɓa dafawa ba.