BECK: littafi 12 aka turo min da sunan cikakke

Duk wanda ya ga tallan nan na BECK da ake yawo da shi a Instagram, wai cikakken saiti, ya tambayi adadi kafin ya tura kuɗi. BECK manga ne, wato labarin zane na Japan, da Harold Sakuishi ya zana, littafi 34 ne, ya fara fitowa a mujallar Monthly Shonen Magazine ta Japan a 1999, bai ƙare ba sai 2008. Abin da ke cikin kwalin da na ɗauko a tasha guda 12 ne. Mai shagon kuwa, ba sai na faɗi sunansa ko abin da yake cajin mutane ba.

Ina da hoton hirarmu har yanzu. Na rubuta masa, "Malam, cikakke ne? Daga farko har ƙarshe?" Ya ce, "Wallahi Yallaɓai cikakke ne, ko ɗaya babu gibi." To, babu gibin kam, daga 1 zuwa 12 a jere suke. Da na kira shi bayan na karanta na ƙarshen na ga labari ko rabi bai kai ba, sai ya ce ai shi abin da yake nufi, cikakken abin da aka buga da Turanci a takarda ke nan. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kamfanin Amurka da ke fassara shi ya tsaya a na 12, lasisinsa ya ƙare, ba a ci gaba ba. Ashe ya sani. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da jahilci ne da sai in ce mu duka an yi mana, amma mutum ya san littattafai 22 babu su, ya rantse maka, ya karɓi kuɗinka, ya ƙara da kuɗin mota. Na ce ya mayar min da rabi, ya ce kaya in sun bar shago sun bar shago. Na ce to ya gyara tallan saboda na baya, ya turo min hannu biyu na addu'a.

Su kansu littattafan gwanjo ne, shi ma bai faɗa ba. Takardar ta yi ja, na 4 bayansa ya tsage har shafuka sun fara zarewa, na 9 kuwa da hatimin wani ɗakin karatu a gefensa da wata 'yar takarda manne a bango ta ciki. Wani ya taɓa zubar da shayi ko kofi a kan na 2, tabon ya ratsa shafi kusan goma.

Na ajiye kwalin a ƙarƙashin gado da niyyar in sayar wa wani, da gaskiyar adadinsa. Har yanzu ban sayar ba, kuma ba zan sayar ba, don abin haushin shi ne littafin ya yi daɗi fiye da yadda na zata.

Yaro ne ɗan shekara 14, Tanaka Yukio, ana ce masa Koyuki. Ba ya da wani abin nunawa, a makaranta ma ba a san da zamansa ba sai in za a aike shi. Ya ceci wani kare mai ɗinki-ɗinki a jiki daga hannun yara, karen sunansa Beck, mai shi kuma Ryusuke, ɗan shekara 16 da ya dawo daga Amurka da jita a hannu da girman kai a ka. Daga nan Koyuki ya faɗa kiɗan rok, har daga baya ya shiga ƙungiyar kiɗan da Ryusuke ya kafa, mai suna BECK. Na ɗauka irin labarin nan ne da yaro zai taɓa jita yau, gobe ya zama gwani. Ina! Ryusuke ya ba shi jita, ya fasa ta, Ryusuke ya daina kula shi. Ya koma wajen wani dattijo, Saito, tsohon ɗan wasan ninƙaya, yana yi masa aikin ƙarfi a sana'arsa ta takarda, shi kuma yana koya masa kiɗa da iyo. A makaranta ga wani Hyodo da ya mayar da shi ɗan aike. Littafi bayan littafi yaron nan yana fama da yatsu, yana tara kuɗin aikin da yake yi don ya mallaki jitar Telecaster tasa ta kansa. Ranar da ya riƙe ta, wallahi sai da na ji kamar ni na biya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda takarda ke yin ƙara. Littafi ne na kiɗa, kuma babu sauti a cikinsa ko kaɗan. Idan Koyuki ya buɗe baki zai rera, Sakuishi ba ya rubuta maka baitin. Sai ya ba ka shafi guda cur, yaro ya rufe ido, jijiyar wuya ta tashi, gumi na sauka. Ka juya shafi, sai fuskokin 'yan kallo: mai kofi a hannu ya manta da shi, wata ta juyo daga bakin ƙofa, Taira mai jitar bes ya ɗago kai ya kalli Ryusuke. Muryar kai za ka saka ta da kanka, kuma duk wadda ka saka ta fi ta kowane mawaƙi daɗi a kunnenka. Shi ya sa da aka yi fim ɗinsa na mutane a Japan a 2010 ba a bari an ji waƙar Koyuki ba, aka kashe muryar a wuraren da yake rerawa. Mutane da yawa sun yi ƙorafi. Ni bayan na karanta littafin na gane dalili. Zanen talabijin da kamfanin Madhouse suka yi a 2004, kashi 26, shi ya saka waƙoƙi, ba laifi, amma ba muryar da ke kaina ba ce.

Ga wanda bai saba da manga ba, daga dama ake buɗe shi a karanta zuwa hagu, kamar littafin ajami. Ƙanena da ya yi allo bai ko yi tuntuɓe ba.

Inda ya kai ƙololuwa shi ne bikin kiɗa na Greatful Sound. An jefa su a dandamali na uku, mafi ƙanƙanta, rigima ta ɓarke tsakaninsu har Chiba mai rap ya yi fushi ya tafi, ruwan sama na zuba, ga wani alkawari mai haɗari da Ryusuke ya ɗauka da Leon Sykes, wani babban ɗan kasuwar kiɗa na Amurka, a kan wata jita mai suna Lucille mai hujin harsashi. Koyuki ya hau shi kaɗai. Ba zan ƙara ba. Na karanta wurin da fitilar waya don an ɗauke wuta, ban tashi ba sai da batir ya yi ja. Ba banza aka ba littafin kyautar manga ta Kodansha a 2002 ba.

Kuma daidai nan ne wannan bawan Allah ya yanke min. An gama biki, maganar Amurka ta taso, ga sunan Mongolian Chop Squad da aka laƙaba musu a can, Koyuki da Maho ƙanwar Ryusuke ba a san inda suka dosa ba, sai bango. In da labarin bai yi daɗi ba da ban ji zafin haka ba. Tun 2018 an fara sakin fassarar a intanet har ta kai 34 ɗin, na sani, can na koma. Amma da dala ake biya, katina sai ya ga dama yake wucewa, kuma a waya shafukan nan biyu da ke haɗe su ba da hoto ɗaya sai su tsinke gida biyu, ko su ƙanƙance har ba ka ganin fuskar kowa. Dandamali cike da jama'a ya koma kamar tambarin wasiƙa. Wato na biya kuɗin takarda don in guje wa waya, na ƙare a waya, na sake biya.

Shi ma littafin ba wai ba shi da aibu ba. Zanen farko-farko ɗanye ne, fuskokin barkwanci sun yi yawa, wasu har sun ɓata wurin da ya kamata a yi shiru. Saito da mujallunsa na batsa, raha ce da aka ja ta ta wuce ƙima. Akwai ashar, akwai sigari da giya, akwai wuraren da ba za ka so yaro ɗan firamare ya buɗe ba, don haka kada ganin zane ya sa a ajiye shi a falo. Maho kuma, yarinyar da ta fi kowa tsayawa wa Koyuki, sau da yawa sai a bar ta a gefe tana jira har maza su gama rigimarsu. Su Ryusuke ma wani lokaci ka ji kamar ka shiga littafin ka ja masa kunne, mutum ya ɓace ba sallama ya bar abokai da bashi.

Duk da haka, da za a sake buga 34 ɗin nan a takarda da Turanci, ko nawa ne zan nema. A wajen wannan mutumin ne dai a'a. Shekaranjiya ya turo min saƙo wai sabbin kaya sun iso, zai yi min ragi a matsayina na tsohon kwastoma. Na tambaye shi littafi nawa ne a saitin, kuma nawa marubucin ya rubuta. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba. Tallan BECK ɗin kuma yana nan a shafinsa, da kalmar cikakke da manyan baƙaƙe.