Gargaɗi: "Peugeot PX-10" na bogi da ake tallata mana daga Duwala

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwana ne masu hawa keken tsere a Garwa, Marwa, Gaundare, Kusiri har Njamena, musamman waɗanda ransu ya kwanta da tsoffin kekunan ƙarfe na Faransa. Akwai wani mutum da ke tallar irin waɗannan kekuna a Facebook, daga nan ya ja ka zuwa WhatsApp. Cewa yake yana Duwala, kwantenar kayan gwanjo ta iso masa daga Faransa, ya ware tsoffin firam na Peugeot da Motobécane da Gitane ya ɗora musu kayan giya da birki na zamani na kamfanin Shimano. Ni ya ci mini jaka 180 ta sefa, ƙanena kuma ya zubar da jini a kan kwalta saboda shi. Ba zan kira suna ba, don wanda ya ba ni ba nasa ba ne, shafin ma ya sauya suna sau biyu tun daga lokacin. Salon damfarar ne bai sauya ba, shi zan warware muku.

Kada wani ya ɗauka harkar ce ƙarya. Ɗaukar tsohon firam na ƙarfe a sa masa giya da birki da ƙafafu na zamani abu ne da ake yi, kuma ya dace da ƙasarmu. Ƙarfe yana shanye gargadar hanya, idan ya tsage mai walda na kirki zai iya ceto shi, abin da ba ka samu da firam ɗin kabon a nan. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Peugeot ya hau shekara da shekaru, ni kuma na taso da burin in mallaki irinsa amma mai sauya giya daga hannun birki. Wannan burin mutumin ya karanta a fuskata tun kafin in buɗe baki.

Tallar ta ce PX-10 ne na 1975, wato wani sanannen samfurin keken tsere na Peugeot, firam na bututun ƙarfen Reynolds 531, kayan Shimano samfurin 105 gaba ɗaya, giya 11 a baya. Ya san tarihin da zai taɓa zuciya: a 1975 ne Bernard Thévenet ya kayar da Eddy Merckx a gasar Tour de France yana cikin ƙungiyar Peugeot, ya kuma sake lashe ta a 1977. Ya turo hotuna, farin fenti tas, ga zakin Peugeot a goshi, ga ɗan koren tambarin 531 a ƙarƙashin sirdi. Bakinsa kuwa zuma: "Alhaji, kai ɗan Arewa ne, na san ku da amana, shi ya sa ba zan tsawwala maka ba." Da na zauna na yi lissafi da na tsira. Cikakken kayan 105 sabo, ba firam ba ƙafafu, yana haura Yuro 400 a Turai. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga an wuce jaka 260 ke nan tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da kwastan. Wa zai ba ka wannan haɗe da firam da ƙafafu da tayoyi a jaka 180? Araha ba ta ado, mun san haka tun muna yara, amma kwaɗayi ya rufe mini ido.

Na tura rabi ta waya. Bayan kwana huɗu ya turo hoton kwali da takardar motar da za ta kawo shi, ya ce sai na cika sannan zai sake shi. Na cika. Kwalin ya iso Garwa kuwa, da daddare na buɗe shi a tsakar gida da hasken tocila, na ga abu yana sheƙi. Nan take na yi masa saƙon murya ina godiya, ina sa masa albarka, ina cewa mutumin kirki ne. Ku riƙe maganar wannan saƙon, zan dawo kanta.

Rana ta uku ƙanena ya roƙi ya ɗana shi. Bayan sallar asuba ya kama hanyar Pitowa, kafin rana ta yi zafi. Bai yi nisa ba ya ji feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa ta dama, da ya miƙe tsaye zai taka da ƙarfi sai gindin fedar ya goce, sarƙa ta zame, ya kife. Gwiwa da gwiwar hannu da tafin hannu duk sun saluɓe. Allah ya kiyaye babu babbar mota a bayansa, wanda ya san hanyar nan da tirelolin auduga ya san me nake nufi.

Na ɗauki keken na kai wa wani dattijo mai gyara a gefen babbar kasuwa, wanda ya fara sana'ar tun zamanin da kekunan Faransa ke cike da gari. Bai ce komai ba da farko. Ya kifar da keken a kan sirdi, ya sa farce a gefen tambarin 531 ya ɗaga, sai ga shi ya taso kamar sitikar kwalin magani, fentin ƙarƙashinsa sabo fil. Ya ce, "Ɗana, wannan takarda ce. Ana buga ta ana sayarwa a intanet don masu sabunta fenti, kowa zai iya manna ta a jikin bututun famfo." Sannan ya zare sandar sirdi ya auna ta da ma'aunin nan mai baki na makanikai. Ta tsaya a milimita 25 da 'yan kai. Ya bayyana mini cewa ƙarfen 531, wanda kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ya fito da shi a 1935, ƙarfinsa ne ya sa ake iya yin bututun da siririn bango, don haka ramin ciki ya fi faɗi. A firam ɗin Faransa mai 531 sandar sirdi kan kama 26.4 ko 26.6, a na Ingila 27.2. Idan ka ga siririyar sanda, bangon bututun ne mai kauri, wato ƙarfe ne na gama-gari. Ya nuna mini bakin da ƙafar baya ke shiga: faranti ne shimfiɗaɗɗe da aka datse da inji, babu kunnen rataya giya a jikinsa sai wata ƙugiya da aka ɗaure da noti. PX-10 na gaskiya nasa ƙirar Simplex ne, mai kauri, da kunnensa a haɗe.

Sai ya zo kan abin da ya kayar da yaron, kuma nan nake so ku natsu, don ko da mai sayarwa na gaskiya ne wannan wurin shi ne tarkon kekunan Faransa. Gidan boris ɗin da sandar feda ke juyawa a ciki yana da tiredi, wato zaren ƙarfen da kofi ke bi idan ana murɗa shi. Tsoffin kekunan Faransa na shekarun 1970 nasu milimita 35 ne, kuma gefe biyun duk dama ake murɗawa. Kofunan Shimano na yau da aka fi samu ƙirar Ingila ce, inci 1.37, kusan milimita 34.8, kuma na gefen sarƙa hagu ake murɗa shi. Bambancin ƙanƙane ne har ido ba ya gani, shi ya sa kofin gefen hagu yake shiga 'yan zagaye kamar ya dace. Na gefen sarƙa kuwa ba ya shiga sai da ƙarfin tsiya. Mutumin nan haka ya yi: ya tura shi a karkace ya cinye tiredin, sannan ya cike gurbin da gam mai haɗi biyu. Baba mai gyaran ya sa tsinken sifok ya ƙwaƙulo gam ɗin, toka-toka, haɗe da garin ƙarfe, ya zuba mini a tafin hannu. Abin da ke riƙe da nauyin ƙanena ke nan. Akwai hanyar gaskiya, ana samun gidan boris mai tiredin Faransa, akwai kuma wanda ba ya buƙatar tiredi sam, amma sai an yi oda an jira, kuma kuɗi ne.

Ba nan kaɗai Faransawa suka bambanta ba. Wuyan kan keke nasu milimita 22.0 ne, na sauran duniya 22.2. Ramin feda a tsohon hannun feda milimita 14 ne, na yau inci 9/16. Sai cikin shekarun 1980 suka riƙa komawa ma'aunin kowa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya ɗora kayan zamani a Peugeot na 1975 kamar sa riga, tambaye shi yadda ya yi da waɗannan wurare. Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, ya yi ta ba ka labarin wahalar da ya sha. Nawa da na tambaye shi daga baya cewa ya yi, "Duk ɗaya ne, Alhaji."

Haka bayan firam. Keke mai giya biyar faɗin bakin bayansa milimita 120 ne, mai shida ko bakwai 126, ƙafar zamani ta keken tsere mai birkin gefen rim kuwa 130 take so. Ƙarfe yana yarda a buɗa shi a hankali, gefe-gefe, ana aunawa. Baba ya ɗaura zare daga bakin baya na hagu, ya zagayo da shi ta goshin firam ya dawo na dama, ya auna tazarar zaren da bututun sirdi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya da kusan faɗin ɗan yatsa. Taka shi aka yi da ƙafa aka banƙare ɓangare guda, shi ya sa keken ke tafiya a karkace kamar kaguwa.

Na ɗauka an gama, sai ya ɗauko ɗan maganaɗisu daga tsohuwar sifika ya bi jikin bututun da shi. Ko'ina yana kamawa ƙam, amma a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga goshi, dab da haɗin wuya, sai ya saki ya faɗo. Ya kankare wurin da wuƙa. Mastik ne irin na masu gyaran jikin mota, a ƙarƙashinsa ƙarfen ya tattare, ga siririn tsagu da tsatsa a ciki. Alamar keken da ya taɓa yin karo ta gaba ke nan, aka miƙar da fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, aka shafe sauran. Ya dube ni ya ce, "Ka gode wa Allah feda ce ta fara saki. Da nan ne ya ɓalle a gangare, da ba wannan zancen muke yi ba."

Kayan "105" ɗin ma da na ƙirga haƙoran giyar baya takwas na samu. Shimano na buga lambar kowane kaya a bayansa, na 105 mai giya 11 da ya fito a 2018 za ka ga RD-R7000 a giyar baya, ST-R7000 a hannun birki. Nawa babu lamba ko ɗaya, sunan kawai aka buga a sama, kuma yana gogewa da fetur.

Yanzu maganar saƙon muryar. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa ya wahalar da kansa ya turo mini kaya, bai gudu da kuɗin kawai ba. Amsar ta zo mini da wani bawan Allah daga Marwa ya neme ni, bayansa wani daga Kusiri. Dukansu sun tura kafin alƙalami, ba su ga ko sifok ɗaya ba, ya toshe lambobinsu. Abin da ya sa suka yarda da shi kuwa muryata ce. Ya tura musu ita, da hoton kwalin a tsakar gidanmu, yana cewa ga Bahaushe ɗan'uwanku a Garwa ya karɓi nasa. Keke ɗaya na bogi ya kashe kuɗi a kai don ya sayi shaidata, da ita yake yankar sauran. Wannan ya fi jaka 180 ci mini rai.

Don haka idan har ka ƙudurta sayen irin wannan keke daga nesa, kada sisi ya fita sai wani naka ya je ya taɓa shi da hannunsa. Muna da 'yan'uwa a New Bell a Duwala da Birketiri a Yawunde, da direbobi masu hawa da sauka kullum, ba za ka rasa wanda zai leƙa ba. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ba hoto ba, ka sa a zare sandar sirdi a auna a gabanka, a kifar da keken ka ga ƙarƙashin gidan boris da lambar firam, a ƙirga giyar baya, a nuna lambobin da ke bayan kayan, a bi ƙarƙashin wuya da maganaɗisu. Sabon fenti a tsohon firam kuma ka ɗauke shi abin tuhuma har sai an nuna maka hoton yadda yake kafin a fesa. Idan ya fara cewa netuwok ba kyau, ko wani ya riga ya taya ka yi sauri, to ka riƙe kuɗinka.

Na kai ƙara wurin jandarmomi da lambobin turin kuɗi da hotunan hirarmu, mutanen Marwa da Kusiri ma sun haɗo nasu. Wanda abin ya shafa kada ya goge komai daga wayarsa, ya yi mini magana mu haɗa. Idan kuma an turo maka muryar wani mutumin Garwa yana godiya yana sa albarka a kan farin Peugeot, ni ne, kuma na janye wannan shaidar a gaban Allah da gabanku. Firam ɗin yana nan rataye a rumfar Baba, mun bar wurin da aka kankare a buɗe, duk mai niyyar saye ya biya ya gani da idonsa kafin ya tura kuɗi.