Injin hannu ko na kwamfuta: wanne za a fara da shi wajen ƙera ƙaramin inji?

Malam, ka ce ka ga bidiyon ƙananan injina waɗanda ba su fi a ɗora a tafin hannu ba, amma ana tayar da su suna ruri kamar na gaske. Kana so ka fara ƙera irinsu, kuɗinka kuma na inji ɗaya ne, shi ne kake tambaya ko na hannu za ka saya ko CNC, wanda kwamfuta ke tuƙawa. Ka ƙara da cewa wani ya ce maka mai CNC ba maƙeri ba ne, maɓalli kawai yake dannawa. Na taɓa duka biyun, bari in faɗa maka abin da na gani.

Wannan sha'awa a Ingila ta yi ƙarfi. Tun 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer a Landan, kamfanin Stuart Turner na garin Henley kuma a da ya daɗe yana sayar wa mutane gundumomin ƙarfen zubi su je gida su sassaƙa su haɗa injin tururi. Injin juyi na Myford ML7 da ya fito a 1946 shi ne abin da dattawansu da yawa suka yi rayuwa a gabansa. Ita kuwa tuƙa inji da lambobi, a jami'ar MIT ta Amurka aka nuna ta a 1952, da takarda mai huji-huji, don aikin jiragen sama na soja. Ba ta shigo garejin talaka ba sai da kwamfuta ta yi arha, manhajoji irin su Mach3 da LinuxCNC suka bazu. Saboda haka kusan duk tsoffin zane-zanen injin da za ka samu, mai injin hannu aka zana wa.

Injina biyu ake magana a kowane ɓangare. Akwai injin juyi, wanda ƙarfen ke juyawa wuƙa na fiƙe shi, akwai injin sassaƙa, wanda ƙarfen ke ɗaure wuƙar na juyawa. A na hannu, kai ne kake murɗa hannayen kana karanta zanen awo. A CNC, motoci ne ke murɗa su bisa umarnin da ka rubuta: G00 ya ruga, G01 ya yanka miƙe, G02 da G03 su yanka baka. Wuƙar ɗaya ce, ƙarfen ɗaya ne.

Mu ɗauki kayan injin ɗaya bayan ɗaya, don nan ne bambancin yake fitowa.

Fistin, bawul, sandar karanshaf, bushi-bushi, duk abu ne mai zagaye. A nan injin hannu ya fi sauri, nesa ba kusa ba. Kafin mai CNC ya zana fistin a manhajar zane irin su Fusion 360 ko FreeCAD, ya zaɓi wuƙa, ya fitar da lambobi, ya saita inda sifili yake, wato inda awo zai fara, ni na riga na ɗaure guntun ƙarfe na fiƙe na auna na yanke. Idan abu ɗaya ne tak kake so, kuma zagaye ne ko murabba'i, kwamfuta ɓata lokaci ce.

Amma je ka ga kam, wato ƙusumbin nan da ke tura bawul ya buɗe. Ba zagaye ba ne, kamar ƙwai yake. Mai injin hannu sai ya yi lissafi a takarda, ya ɗora shi a tebur mai juyawa, ya yanka kaɗan, ya juya digiri 5, ya sake saita tsayi, ya yanka. Zagaye ɗaya yanka 72 ke nan, kowanne da nasa awon, sannan ya bi da magagari ya shafe gaɓoɓin. In aka kira ka a waya a yanka na 40 ka manta inda ka tsaya, to ka koma farko da sabon ƙarfe. CNC kuwa tana bin siffar a zagaye guda, sumul, cikin 'yan mintuna. Haka idan ka tashi yin injin jirgin sama mai silinda 9 a kewaye kamar tauraro: kawunan silinda 9, kowanne da haƙarƙarinsa na sanyaya, bawul 18, 'yan sandunan da ke danna su 18. Na farko da daɗi, na huɗu da haƙuri, na goma sha biyu kuwa hannu na aiki ne zuciya tana kasuwa, a nan ake kuskure. Kwamfuta ba ta gajiya, na 18 da na 1 tagwaye ne.

Wanda ya ce maka maɓalli kawai ake dannawa bai taɓa ganin wuƙa ta karye ba. Ni ranar da na manta ban sake saita sifilin tsayi ba bayan na canja wuƙa, ina danna maɓallin sai ji na yi ƙas, wuƙar ta nutse cikin maɗaurin da ke riƙe da aikin, ta karye gida biyu, kan silindar da na yi kwana uku a kansa ya zama na 'yan gwangwan. Inji bai yi laifi ba, abin da na rubuta ya bi. A injin hannu irin wannan ba ya faruwa da sauƙi, don tafinka yana jin nauyin yankan. Ƙarfe ya fara kuka, ko ɓawon da ke fita ya koma shuɗi, ko hannun ya yi tauri, kafin ka yi tunani ma ka sassauta. CNC ba ta jin kuka. Saurin juyi da zurfin yanka da ka ba ta, su za ta bi ko da wuƙar tana ƙonewa. To wanda bai taɓa jin bambancin tagulla da alminiyam da baƙin ƙarfe a tafinsa ba, daga ina zai san lambar da zai ba ta?

Sai maganar daidaito, inda mutane suka fi ruɗewa. Ana ɗauka kwamfuta ta fi hannu daidai. Lissafa da kanka: irin motar da ake sa wa ƙananan CNC tana yin taku 200 a zagaye ɗaya, in sukurun da take juyawa yana tafiyar milimita 5, kowane taku milimita 0.025 ke nan. Ana iya raba takun ya ƙara ƙanƙanta, amma in jikin injin ba shi da nauyi, ko sukurun yana lako-lako, lambar da ke allo daban, abin da ya fito a ƙarfe daban. Shi mai hannu ya san lako-lakon injinsa kamar yadda direba ya san sitiyarinsa, kullum daga gefe ɗaya yake shigo wa awo. Kuma abin da ke sa ƙaramin inji ya tashi ko ya ƙi, wato zaman fistin cikin silinda, babu ɗayansu da ke gama shi. Ɗauki ƙaramin dizal na jirgin wasa, irin Mills 1.3 na Ingila, wanda ba shi da fulogi ba shi da ringi, matsi kaɗai ke kunna man. Ratar da ke tsakanin fistin da silinda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Da hannu ake kai wa nan: a shafa man gurza a sandar tagulla ko alminiyam, a riƙa zura ta cikin silindar tana juyawa, a wanke, a gwada, a sake. Alamar an dace ita ce ka toshe saman silinda da babban yatsa, ka ja fistin, ka sake shi ya koma da kansa, in ka zare shi gaba ɗaya ya ce ɓul. Mai CNC ma sai ya zauna ya yi wannan gurzar, haka zaman bawul a kujerarsa.

Kuma kada ka ɗauka hannu yana da iyakar da za ta tsayar da kai nan kusa. Wata Baturiyar Ingila, Cherry Hill, ta shafe shekaru tana ƙera ƙananan injinan tururi na ƙarni na 19, har noti da kusoshi ita ke yin abinta, aikinta kuma yana cikin mafi kyau da aka gani a wannan fage.

Kuɗi kuwa, CNC ba inji kaɗai ba ce: da motoci, da akwatin lantarkinsu, da kwamfuta, da watannin koyon zane. Ga kuma wuta. In aka ɗauke ta kana kan injin hannu, sai ka janye wuƙa ka je ka sha shayi, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. CNC mai arha in wuta ta ɗauke a tsakiyar yanka, ta manta inda take, sai ka sake lalubo sifili, in ka yi sa'a wuƙar ba ta maƙale ba. In ba ka da sola ko batir mai riƙe ta, ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

Da ni ne kai, ƙaramin injin juyi na hannu zan saya, ko da irin na kamfanin Sieg na Shanghai ne, da maikuromita mai kyau, wato ma'aunin kaurin ƙarfe. Aikin farko injin tururi mai rangaji, wanda silindar kanta ke lilo tana buɗe ƙofar iska tana rufewa, babu bawul babu kam, kuma da iskar kwamfaresar mai faci ma zai tashi. Bayansa injin tururi na Stuart 10V, mai faɗin silinda uku bisa huɗu na inci. Ranar da ka fara mafarkin silinda 9, lokacin nan ka sayi injin sassaƙa ka ɗaura masa motoci. Shi na juyin ka bar shi da hannayensa, don fistin 9 da bawul 18 ɗin a kansa za ka gyara bakinsu.