Maganin kaska mai amitraz: amfaninsa da iyakarsa ga makiyayan Arewacin Kamaru

A shagunan magungunan dabbobi na Garwa, Marwa da Ngaundare, kusan babu inda ba a samun ruwan feshin kaska mai sinadarin amitraz kashi 12.5 cikin ɗari, ko da yake sunayen kamfanonin da ke jikin kwalaben sun bambanta. Ana zuba mililita 2 a kowace lita ta ruwa, ruwan ya koma fari kamar madara, sannan a fesa wa shanu da famfon goyo. A ganina magani ne da ya cancanci kuɗinsa, muddin mai shi ya san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba.

Babban abin yabo a gare shi shi ne saurin aiki. Cikin 'yan sa'o'i bayan feshi za ka ga kaska ta saki fata tana zubowa ƙasa, har da manyan nan masu ado a baya waɗanda ke buɗe wa kirci ƙofa da damina. Sai dai ƙarfinsa ba ya daɗewa a jikin dabba, don haka idan ruwa ya sauka sosai sai an riƙa maimaitawa a kai a kai, kuma wanda aka dama ba ya kwana, domin yana lalacewa a cikin ruwa. Feshin ganin ido kuma ɓarnar kuɗi ce. Kaska mai zane-zane a ƙafa, wadda masana ke kira Hyalomma, tana laɓewa a ƙarƙashin wutsiya, da hantsa, da matsematsi, da tsakanin kofato, kuma sai an ɗaga wutsiya an durƙusa an jiƙa waɗannan wurare kafin a ce an yi aiki.

Wannan kaska ce ta sa nake ɗaukar maganin a matsayin kariya ga mutum kafin dabba. Ita ce ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda aka fara bayyana shi a Kirimiya, wani yanki a gabashin Turai, a 1944, aka kuma gano a 1969 cewa ƙwayarsa ɗaya ce da wadda aka samu a Kwango a 1956. Saniya tana iya ɗauke da ƙwayar a jininta kusan mako guda ba tare da ta nuna wata alama ba, amma mutum yana kamuwa ta cizon kaska, ko ta murƙushe ta da yatsu, ko ta taɓa jinin dabbar a kwata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ciwon ya kwantar suna rasuwa.

Mutane da yawa suna kamuwa su warke da ɗan zazzaɓi kawai, wasu ma ba su san ta shige su ba, yayin da wasu jini ke ɓalle musu cikin 'yan kwanaki. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwayoyin halittar garkuwar jiki da mutum ya gada. Binciken da aka yi a kan majinyata a Turkiyya ya danganta tsananin ciwon da bambance-bambance a ƙwayoyin HLA, waɗanda ke nuna wa sojojin jiki ɓurɓushin ƙwayar cuta don su gane ta, da kuma na TLR, waɗanda ke fara jin shigowarta su tayar da martani. Idan martanin ya makara ƙwayar ta yawaita, idan kuma ya wuce kima sai jiki ya illata hanyoyin jininsa da kansa. Makiyayin da ke cewa ya shekara talatin yana cire kaska da hannu bai ga komai ba, wataƙila gaskiya ya faɗa, amma ɗan da ke taya shi bai gaji dukan abin da ke jikin uban ba, kuma babu gwajin da ake yi a asibitocinmu da zai faɗa wa mutum ko yana cikin waɗanda ciwon zai yi wa sauƙi ko waɗanda zai yi wa tsanani.

Akwai gargaɗin da masu shago ba su cika yi ba. Amitraz guba ne ga doki da jaki, kuma yana iya kashe su. Ga mutum, shan sa yana kawo magagi da raguwar bugun zuciya, saboda haka sayar da shi tsiyaye a gorar lemo, kamar yadda ake yi a kasuwannin ƙauye, ganganci ne. Irin wannan tsiyayen ma ba ka da tabbacin ba a sirka shi ba. Rage awo don kwalba ta daɗe kuwa koya wa kaska jure magani ne kawai.

Mai shanu kaɗan da ba shi da famfo zai fi jin daɗin maganin da ake tsiyayawa a gadon baya, ko da ya fi tsada. Mai babban garke kuma amitraz ya fi masa sauƙi, in ya sayi kwalba a rufe, ya duba ranar ƙarewar aiki, ya sa safar hannu, ya kuma tambayi likitan dabbobi kwanakin da za a jira bayan feshi kafin yanka.