IELTS, TOEFL, PTE ko Duolingo: wacce za ka biya wa kuɗi, kuma ina GRE da GMAT suka shigo?

Wanda ya rubuta jarrabawar Turanci, daga baya ya gano ba ita jami'ar ke nema ba, kuɗinsa ya riga ya tafi. Don haka kafin rajista ka buɗe shafin sashen da kake neman gurbin digiri na biyu ko na digirgir a cikinsa, domin sharaɗin sashe yakan fi na jami'ar gaba ɗaya tsauri. Abu huɗu za ka kwafe a takarda: jarrabawar da suke karɓa, jimillar makin da suke so, mafi ƙarancin maki a kowane fannin jarrabawar (sauraro, karatu, rubutu da magana), da ko suna yarda da wadda aka rubuta daga gida. Na ukun nan shi ke yawan kayar da mutane. Sashe zai ce yana son 6.5 a IELTS, amma kada wani fanni ya gaza 6.0. Mai jimillar 7.0 (wato matsakaicin makin fannoni huɗun) da ya samu 5.5 a rubutu bai cika sharaɗi ba. Haka kuma wasu jami'o'in kan ɗauke jarrabawar ga wanda ya yi digirinsa na farko da Turanci, in ya kawo takardar shaida daga makarantarsa, don haka aika musu imel ɗaya na iya hutar da kai.

Jarrabawowin nan gida biyu ne. IELTS, TOEFL, PTE da Duolingo harshe suke gwadawa. GRE da GMAT kuwa kaifin tunani da lissafi suke aunawa cikin Turanci. Ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya, akwai sashen da zai nemi duka biyun.

IELTS iri biyu ce, ta Academic ce ta masu karatun jami'a, kada ka yi kuskuren zaɓar General Training. Sauraro tambaya 40 ne cikin kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Karatu ma tambaya 40 ne a kan nassi uku cikin awa guda. Rubutu awa guda ne: aikin farko bayanin jadawali ko zane da kalmomi aƙalla 150, na biyu muƙala mai kalmomi aƙalla 250, kuma makin na biyun ninki biyu ne na na farko. Wanda ya ɓata minti 35 yana gyaggyara bayanin jadawali ya cuci kansa, minti 20 ya ishe shi. Magana minti 11 zuwa 14 ce da ɗan Adam, ana ba ka kati mai ɗauke da maudu'i, minti ɗaya na shiri, sannan ka yi ta magana har zuwa minti biyu. Ƙananan abubuwa ne ke cin maki a IELTS. Ka ji amsa daidai amma ka tsallake harafi ɗaya wajen rubutawa, an soke ta. Aka ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka rubuta uku, an soke ta. Ga kuma tambayoyin “gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba”, inda mai ilimi ke faɗawa rami saboda yana amsawa da abin da ya sani a kansa, alhali abin da ke cikin nassin kaɗai ake tambaya. Wanda ya rubuta ta a kwamfuta yana iya samun damar sake fanni ɗaya kawai cikin kwana 60, sai dai ka tabbatar jami'arka na karɓar irin wannan sakamakon.

TOEFL ta hukumar ETS ce, kuma komai nata a kwamfuta ne, har maganar ma makirufo kake yi wa, agogo na ƙirga daƙiƙoƙi a gabanka. Mai jin nauyin kallon idon mai jarrabawa zai fi sakewa a nan. Amma a cibiya, na kusa da kai ma yana ɗaga murya yana ba da tasa amsar, wanda bai saba ba sai zaren maganarsa ya tsinke. Ka gwada atisaye da rediyo a kunne ka ga yadda za ka kaya. An gajarta TOEFL a Yulin 2023, sannan a Janairun 2026 aka sake mata fasali, aka kawo ma'aunin maki na 1 zuwa 6 a madadin tsohon na 0 zuwa 120 da har yanzu za ka gani a shafukan jami'o'i da dama. Littafin da aka buga kafin sauyin zai koya maka tambayoyin da babu su yanzu.

PTE ta kamfanin Pearson ce, kimanin awa biyu, maki daga 10 zuwa 90, sakamako yakan fito cikin kwana biyu. Na'ura ce ke yin mafi yawan makin, kuma tana son magana mai tafiya ba tangarɗa. Mai yawan tsayawa yana gyara kansa zai sha wuya. Duolingo ita ce mafi arha da gajarta, kimanin awa guda daga gida, maki 10 zuwa 160. Amma ba kowane sashen manyan digiri ke karɓarta ba, kuma dokokinta ba sassauci: yawan kau da ido daga allo, shigowar wani mutum cikin ɗakin ko katsewar intanet na iya sa a ƙi tabbatar da sakamakon. A ganinmu, mai neman jami'o'i a ƙasashe daban-daban gara ya tsaya kan IELTS ko TOEFL, su suka fi karɓuwa. PTE da Duolingo na wanda lokaci ya ƙure masa ne kuma ya ga sunansu a rubuce a shafin sashen.

GRE tun Satumban 2023 ba ta kai awa biyu ba: muƙala ɗaya ta minti 30, tambaya 27 na fahimtar harshe, 27 na lissafi, makin kowanne daga 130 zuwa 170. Lissafinta na sakandare ne, akwai kalkuleta a allo. Inda take cizo ga wanda Turanci ba harshensa ba ne shi ne kalmomi. Akwai tambayar da za a ba ka kalmomi shida ka zaɓi biyu masu ba jimla ma'ana ɗaya, ka dace da ɗaya ka kuskure ɗaya, ba ka da komai. GMAT ta masu neman karatun kasuwanci ce, sabon tsarinta awa 2 da minti 15, sashe uku na minti 45 kowanne, maki 205 zuwa 805, babu muƙala, kuma babu kalkuleta a sashen lissafi. Makarantun kasuwanci da yawa na karɓar kowacce. Mai ƙarfin lissafi da nazarin bayanai amma kalmomi suka yi masa ƙaranci ya duba GMAT, wanda bai yanke shawarar fannin da zai bi ba ya riƙe GRE. Sassa da dama kuma sun daina neman GRE ɗungurungum.

In jarrabawar harshe da GRE ko GMAT duka suka hau kanka, fara da GRE ko GMAT, domin sakamakonsu na aiki shekara biyar, na jarrabawar harshe kuwa shekara biyu ne kacal. Wasu jami'o'in ma zuwa ranar fara karatu suke ƙirgawa, ba ranar aika takardu ba. Ka bar tazarar sakewa: kwana 21 tsakanin GRE da GRE, kwana 16 a GMAT.

Sai kayan shiri. Kafin ka sayi komai, zauna ka yi cikakkiyar jarrabawar gwaji ta masu shirya ta, da agogo, ba tashi. ETS, mai shirya GRE, na ba da gwajinta mai suna POWERPREP, akwai wanda ake samu kyauta. Tambayoyin hukuma sun fi na 'yan kasuwa, waɗanda kan yi sauƙi ko wuya fiye da kima su ba ka makin bogi. Sauraro, karatu da lissafi mutum na iya gyara su shi kaɗai, muddin yana rubuta dalilin kowane kuskure: rashin sanin kalma ne, gaggawa ce, ko rashin karanta umarni. Rubutu da magana ne ke buƙatar malami, kuma malamin da zai zauna da muƙalarka ya auna ta da ma'aunin makin da hukumar ta wallafa ya fi aji mai mutum hamsin amfani. Wanda ke sayar da muƙalar haddacewa ko ya yi alkawarin tambayoyin da za su fito, ka guje shi, masu maki sun san haddatacciyar amsa. In a kwamfuta za ka rubuta, yi atisaye da madannai ba tare da mai gyaran kuskuren rubutu ba, domin ranar babu shi. Wajen rajista kuma ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo, ka duba ranar ƙarewar fasfon, saboda saɓanin suna kaɗai ya isa a hana mutum shiga ɗakin jarrabawa.